Kare arba'in a gidaje talatin: wane maganin tsutsar zuciya ƙungiyar riƙo za ta iya ɗauka?

A kudancin Amurka, musamman jihohin Misisifi da Luwiziyana da Alabama da Teksas, akwai ƙungiyoyin ceton karnuka masu yawa da ba su da gini ko ɗaki ɗaya. Idan an tsinto kare a titi ko an karɓo shi daga gidan ajiyar dabbobi na hukuma, sai a kai shi gidan wani ɗan sa-kai ya zauna, kamar yadda ake ba da yaro riƙo, har a samu wanda zai ɗauke shi dindindin. Kuɗin ƙungiya daga gudummawa yake fitowa, sai ɗan abin da mai ɗaukar kare ya biya. Abinci masu riƙo kan taimaka da shi. Allurar rigakafi da fiɗiya ba duk wata ake biyansu ba. Abin da ke dawowa duk wata ba fashi shi ne maganin tsutsar zuciya. Ƙungiya mai kare 40 a hannu tana buƙatar sha 480 a shekara, kuma ba a wuri ɗaya za a ba da su ba, a gidaje talatin ne da kowa ke da nasa uzurin.

Sauro ne ke kawo tsutsar, wadda masana ke kira Dirofilaria immitis. Yana cizon kare mai ita, ya kwashi 'ya'yanta da ke yawo a jini, su ƙara girma a cikinsa, ya kuma zuba su a jikin wani karen. Daga ranar cizo zuwa ranar da tsutsa ta balaga a jijiyoyin huhu da ɓangaren dama na zuciya, wata shida zuwa bakwai ne. Macen takan kai santimita 30, tana kuma iya rayuwa shekara biyar zuwa bakwai. Abin da ya kamata duk mai riƙo ya gane shi ne, ƙwayar wata-wata baya take sharewa, ba gaba take tsarewa ba. Wadda aka ba kare yau tana kashe ƙananan tsutsotsin da suka shige shi cikin kwana talatin da suka wuce. Idan an tsallake wata biyu ko uku, waɗanda suka shiga tun farko sun girma sun fi ƙarfin ƙwayar, ko an dawo da ita ba za ta kashe su duka ba.

Kafin a kwatanta farashi, a fara duba abin da kare ɗaya mai tsutsa ke ci. A ɗauki kare mai kilo 20. Tsarin da American Heartworm Society, ƙungiyar masana tsutsar zuciya ta Amurka, ta shimfiɗa shi ne: a fara masa rigakafin wata-wata nan take, a ba shi doksisaiklin miligiram 10 a kowane kilo, safe da yamma, har kwana 28. Wannan kaɗai ƙwaya 112 ne masu miligiram 100. Amfaninsa kashe wata ƙwayar cuta mai suna Wolbachia da ke zaune cikin tsutsar, wadda idan babu ita tsutsar kan yi rauni. Sai allurar melasomin, wadda ake sayarwa da sunan Immiticide ko Diroban, miligiram 2.5 a kowane kilo, ana soka ta can cikin naman ƙugu: ɗaya a rana ta 60, ɗaya a rana ta 90, ɗaya a rana ta 91. Kwalba ɗaya miligiram 50 ce, wato karen nan zai cinye kwalba uku. Duk tsawon lokacin ba gudu ba tsalle, sai keji da fita bayan gida da igiya a wuya, har mako shida zuwa takwas bayan allurar ƙarshe, domin guntayen matattun tsutsotsi na iya toshe jijiyar huhu idan jini ya yi gudu. Kusan wata biyar ke nan gida ɗaya na riƙo a rufe. Ga ƙungiyar da ba ta da gini, gurbin gida ya fi dala tsada, don kare uku ko huɗu ne da sun bi ta gidan a wannan lokaci.

Shi ya sa gwaji ba wurin tsimi ba ne, sai dai akwai tsimi a cikinsa. Kare da ya kai wata bakwai ana gwada shi kafin a fara masa magani. Ɗan kwikwiyon da bai kai ba, ba a ɓata masa kayan gwaji, domin gwajin alamar balagaggiyar mace yake nema, ita kuwa ba ta kai ga samuwa ba. A fara masa magani kafin ya wuce mako takwas, a gwada shi bayan wata shida. Kayan gwaji iri biyu ne a kasuwa: mai neman tsutsar zuciya kaɗai, da mai haɗawa da cututtukan kaska uku, irin SNAP 4Dx. Na farkon ya fi araha, ya kuma isa idan tsutsar kawai ake tambaya. A haɗa da ɗigon jini ɗaya a kan gilashi a duba da madubin likita, abin da kusan kyauta ne. Dalili shi ne a karnukan titi akan samu wanda gwaji zai ce lafiya lau, alhali 'ya'yan tsutsa na ta motsi a jininsa. Kuma duk karen da aka ɗauko daga yankin sauro, ko gwajin farko ya fita da kyau, a sake bayan wata shida, don mai yiwuwa cizon watan jiya ne bai nuna ba tukuna.

To, zaɓi. Na farko shi ne ƙwayar taunawa mai aibamektin, wadda akan haɗa da maganin tsutsar ciki mai suna pairantel. Heartgard Plus ne sanannen suna, amma Iverhart Plus da Tri-Heart Plus sinadarinsu ɗaya, ma'auninsu ɗaya, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da su, kuɗinsu kuma ƙasa yake. Girma uku ne: maikirogiram 68 ga kare har zuwa laba 25, wato kimanin kilo 11, 136 ga mai laba 26 zuwa 50, 272 ga mai laba 51 zuwa 100. Ana iya fara ba ɗan kwikwiyo daga mako shida. Cikin magungunan da aka yi wa kare musamman, wannan rukuni ne ya fi sauƙin kuɗi, kuma yana da wata fa'ida da ba a cika kula da ita ba: wata ɗaya ake biya. Karen da ya samu gida bayan mako biyar, ƙwaya biyu ya ci wa ƙungiya, shi ke nan.

Matsalarsa a hannun mutum take. Ƙwayar na ajiye a saman firji, mai riƙo ya tafi aiki, ranar ɗaya ga wata ta zama ranar ashirin. Wani karen ya karɓa ya je bayan kujera ya tofar. Wani ya haɗiye ba taunawa, alhali an yi ta ne don a tauna, shi ya sa mai haɗama ake gutsuttsura masa. Akwai kuma kuskuren awo: ɗan kwikwiyon da aka auna laba 22 a watan Maris zai iya wuce 30 a watan Mayu, amma fakitin da ke gidan na ƙananan karnuka ne, rabin abin da yake buƙata. Sai dabarar da kowa kan yi tunani, a sayi babbar ƙwaya a raba wa karnuka biyu. Masu yin ta ba su ba da tabbacin cewa maganin ya bazu daidai a ko'ina cikin naman ƙwayar ba, don haka ɗaya na iya samun kaso mai yawa, ɗaya ya tashi da ɗanɗano kawai.

Ƙwayoyi masu milbemaisin, irin Interceptor Plus da Sentinel, sun fi faɗin aiki a kan tsutsar ciki, suna kama har wadda pairantel ba ya taɓawa. Sun ɗan fi tsada. Abin lura a kansu shi ne idan an ba karen da jininsa ke cike da 'ya'yan tsutsa, mutuwarsu lokaci ɗaya na iya jefa shi cikin mawuyacin hali. Ɗigon jinin nan na kan gilashi a nan yake biyan kuɗinsa.

Na biyu shi ne na ɗigawa a fatar doron wuya. Advantage Multi yana ɗauke da moksidektin da maganin ƙuma, Revolution kuma selamektin. Wanda ya riga ya san zai sayi maganin ƙuma daban, ya haɗa kuɗin biyun kafin ya ce wannan ya yi tsada. Advantage Multi na da wata daraja ta musamman: FDA ta amince da shi wajen kashe 'ya'yan tsutsa da ke yawo a jini, abin da ke da muhimmanci ga ƙungiyar da ke loda karnuka a mota daga kudu zuwa jihohin arewa. Tun bayan guguwar Katrina ta 2005 irin wannan jigila ta yawaita, kuma karen da aka kai da tsutsa a jini ya zama rijiyar da sauron sabon garin zai sha. Ma'auninsa mililita 0.1 a kowane kilo. Saboda ruwa ne, ba kamar ƙwaya ba, wasu likitocin gidajen ajiya kan sayi babban bututu su zuƙa da sirinji gwargwadon nauyin kowane kare. Wannan ba ya cikin umarnin kamfani, aikin likita ne a asibiti, ba abin da za a tura wa gidaje talatin ba. Inda yake ɓaci: a ɗiga a kan gashi maimakon fata, ko a yi wa kare wanka da wuri, ko wani karen gidan ya lashe wurin kafin ya bushe. Lasar moksidektin na kawo rawar jiki da dalalar miyau. A gidan da ke da karnuka huɗu masu wasa da juna, sai an raba su na ɗan lokaci. Gidan da ke da kyanwa kuma a kiyaye duk wani maganin korar sauro mai famitirin da akan ƙara wa kare, domin guba ne ga kyanwa.

Na uku, allurar ProHeart ta kamfanin Zoetis, ita ce ke cire mantuwa daga lissafi baki ɗaya. Moksidektin ne a cikin ƙananan ƙwayoyi da ke narkewa a hankali ƙarƙashin fata. ProHeart 6 na aiki wata shida, ana yi wa karen da ya kai wata shida. ProHeart 12, wadda FDA ta amince da ita a 2019, shekara guda take yi, amma sai kare ya cika wata 12. Dukansu mililita 0.05 ne a kowane kilo, wato mai kilo 20 mililita ɗaya zai sha. Asibiti ne kaɗai ke yin ta, ma'aikatansa ma sai sun yi horon kamfanin. Ga inda kuɗi ke shiga ko fita: idan an haɗa garin da ruwansa, kwalbar na da mako takwas a firji. Mililita 10 kilo 200 na kare za ta ɗauka, karnuka goma matsakaita. Ƙungiyar da ta shirya da likitanta ta tara karnuka goma rana ɗaya ta cinye kwalbarta tas. Wadda ke kawo ɗaya yau, ɗaya bayan wata, farashin asibiti na kowa da kowa za ta biya.

Allurar ba ta kowane kare ba ce. Takardarta ta hana yi wa kare mara lafiya, ko ramamme, ko wanda ke zubar da nauyi, kuma haka yawancin karnukan titi suke isowa, ƙashin haƙarƙari a waje. Sai an yi kiwonsu sun murmure tukuna, a tsakani kuwa ƙwayar wata-wata za su sha. Idan an yi ta ba a iya janye ta, ko da kare ya nuna jikinsa bai karɓa ba. Ya kamata a san tarihinta ma: an janye ProHeart 6 daga kasuwar Amurka a 2004 saboda rahotannin illa, ta dawo a 2008 da sharuɗɗa. Ba ta kuma share tsutsar ciki duk wata yadda ƙwaya mai pairantel ke yi. Ta fuskar kuɗi, yi wa karen da zai samu gida cikin wata guda allurar shekara, kyautar wata goma sha ɗaya ce ga sabon ubangidansa, sai fa in an ɗora kuɗin a kan abin da zai biya. A ganinmu ya kamata a ɗora, a kuma faɗa masa dalili, don shi ma ta rage masa ɗawainiya. Inda allurar ta fi dacewa shi ne karen da aka san zai daɗe: tsoho, babba mai baƙin gashi da mutane kan tsallake, mai tsoron mutane, da duk wanda ke gidan mai riƙon da ba ya amsa saƙo.

Ƙwayoyin da suka haɗa komai wuri guda, irin Simparica Trio da NexGard Plus, suna maganin tsutsar zuciya da ƙuma da kaska da tsutsar ciki a ƙwaya ɗaya. Su ne mafi tsada a kowane wata. Sun cancanta inda kaska ta yi yawa, amma FDA ta yi gargaɗi a 2018 cewa rukunin maganin kaskar da ke cikinsu na iya tayar da farfaɗiya a wasu karnuka, karen titi kuwa ba wanda ya san tarihinsa.

Sai zaɓin da ake raɗawa a kunne: aibamektin na shanu. Duk wanda ya taɓa shiga shagon maganin dabbobi a Kano ko Maraɗi ya san kwalbar Ivomec, sinadarin kuma shi ne dai na Mectizan da ake rabawa don makantar kogi. Lissafinsa ne ke ruɗar mutane. Ruwan kashi 1 cikin 100 na ɗauke da maikirogiram 10,000 a kowace mililita. Rigakafin kare maikirogiram 6 ne a kilo, wato 120 ga mai kilo 20. Kwalba mai mililita 50 ke nan sha sama da 4,000 ce. Ba abin da ya kama ƙafarta a araha.

Amma a ɗauki sirinjin masu ciwon sukari a duba. Mililita ɗaya an raba ta zane 100. Rabon karen nan mililita 0.012 ne, zane ɗaya da ɗan ɗoriya, abin da ko bakin allurar bai gama jiƙawa ba. Ɗigo ɗaya na sosai ya ninka shi kusan sau huɗu. Ma'aunin da ke yawo a intanet, mililita 0.1 ga kowace laba 10, ya kai maikirogiram 220 a kilo, fiye da ninki 35 na abin da ake buƙata. Yawancin karnuka za su ɗauke shi ba abin da zai same su, shi ya sa masu yi ke rantsuwa da shi. Amma karnukan kiwon tumaki irin koli da dangoginsu, da duk barbarar da ke da jininsu, wasunsu na da wata tawaya a ƙwayar gado da ake kira MDR1, wadda ke barin maganin ya kai ƙwaƙwalwa. Ƙwayar wata-wata ba ta cutar da su, ma'auninta ƙanƙane ne. Wancan ninkin kuwa yana buɗe musu ƙwayar ido, ya sa su tangaɗi da dalala, wani ya suma kwana da kwanaki. Kare guda da ya kwanta a asibiti haka ya cinye ribar kwalbar ta shekaru. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama.

Ana iya gyara matsalar awo ta hanyar sirkawa, amma ba da ruwa ba, don aibamektin ba ya narkewa a ruwa. Da furofilin gilaikol ake sirka shi: mililita 1 cikin 99 na ba da maikirogiram 100 a mililita, karen nan ya sha mililita 1.2 ta baki, abin da ido ke iya gani. Maganin tumaki na ɗurawa mai kashi 0.08 ma ya fi sauƙin awo, maikirogiram 800 ne a mililita, wato 0.15. Kwalbar da aka rubuta Plus ko Super a jikinta an ƙara mata maganin tsutsar hanta na shanu, ba ta kare ba ce sam. Duk wannan ba ya halatta a dokar Amurka sai bisa umarnin likitan da ya san dabbar, kuma likitoci da yawa ba za su sa hannu ba tunda akwai maganin da aka yi wa kare. Idan tsutsa ta kama kare a kansa, ba kamfanin da zai biya ko sisi, alhali masu ƙwayoyin kare kan ɗauki nauyin magani idan an nuna takardar saye daga likita da sakamakon gwaji. Hukuncinmu a kai: in har ƙungiya ta kai matsayin da zaɓinta ko wannan ko babu, to likita ya sirka, ya zuƙa wa kowane kare nasa sirinjin da sunansa da nauyinsa a jiki. Kwalbar kanta kada ta taɓa shiga gidan mai riƙo.

Akwai abin da ke sauya wannan lissafi a ƙasan kwarin Misisifi. An tabbatar da samuwar tsutsar da ba ta jin wasu daga cikin magungunan nan a yankin, kuma a gwaje-gwajen da aka yi moksidektin ya fi sauran tasiri a kanta. Ƙungiyar da karnukanta ke zaune can tana da hujjar biyan ƙarin kuɗi don Advantage Multi ko ProHeart. Wadda ke jihohin arewa masu sanyi ba ta da wannan larura. Ita jarabarta daban ce, wato dakatar da magani da hunturu, tunda tsutsa ba ta girma cikin sauro idan zafi ya gaza digiri 14. American Heartworm Society ta ce a ba da shi wata goma sha biyu, kuma ga gidajen riƙo wannan ya fi hankali: mutumin da aka ce ya tsaya a Nuwamba da wuya ya tuna ya dawo a Afrilu.

Wajen saye, duk magungunan nan da aka yi wa kare sai da takardar likita a Amurka, don haka ƙungiya ba ta da mafita sai ta samu likita ɗaya da zai tsaya mata. Ta hannunsa ake samun farashin sari, a kai kaya adireshin asibitinsa. Kamfanonin magani na da rangwame ga masu ceton dabbobi, kuma abin da akan fara tambaya shi ne rajistar 501(c)(3) ta ƙungiyar agaji da sunan likitan. Gidauniyoyi irin Petco Love da PetSmart Charities da Maddie's Fund na ba da tallafi, sai dai tallafi na zuwa ne ya wuce, ba a ɗora kuɗin wata-wata a kansa. Ya fi kyau a nemi mutane kaɗan da kowa zai ɗauki nauyin maganin kare ɗaya duk wata. Shafukan ƙasashen waje da ke sayarwa ba takarda kuwa, a bar su: ba a san yadda aka ajiye kayan ba, ba kuma wanda za a riƙe in jabu ne.

Ga yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi, haɗi ne ya fi: ƙwayar aibamektin mai araha ga 'yan kwikwiyo da sababbin shigowa da masu saurin samun gida, allura ga manyan da suka wuce wata biyu a hannu ba mai tambayarsu, moksidektin na ɗigawa ga masu tafiya arewa. Fakitin wata shida kuma kada a miƙa wa mai riƙo gaba ɗaya, don in kare ya tafi ragowar ba ta dawowa. A ba shi ƙwaya biyu a ambulan da sunan kare da nauyinsa, a sa wa kowa rana ɗaya a wata, mutum guda ya tura saƙo da safe, kowa ya maido da hoton fankon ƙwayar kafin dare. Wanda aka gano ya tsallake, a ba karen nan take, a rubuta ranar a katinsa, a ƙirga wata shida daga nan a sake gwaji, ko da lokacin yana gidan sabon ubangidansa.